Ƙullin Gamba a Hanyar Kufai

Cin amana ya fi sata muni, kuma duk wanda ya ce muku ɗaya suke bai zauna da mutane ba. Ɓarawo daga waje yake zuwa, ya fasa katanga, gari ya waye ka ga inda za ka toshe. Maci amana kuwa kai da kanka ka miƙa masa mabuɗi, ka ce ya tsare maka. Ga labarin wani da aka ba tsaron daji, da abin da ya yi da shi, da abin da ya same shi.

Ungulaye ne suka fara kai rahoto. Da hantsi aka hango su suna kewaya sama can wajen tsohon tafki, a tsakiyar gandun dajin, inda ko baƙi masu zuwa kallon namun daji ba a kai wa. Motar sintiri ta tsaya a ƙarshen hanya, ma'aikata suka sauka suka kutsa cikin gamba, wadda a ƙarshen damina ta fi mutum tsawo.

Wanda ke gaba shi ne tsohon da kowa ke kira Baba Mai Sawu. A cikin dajin nan aka haife shi, tun kafin hukuma ta mai da shi gandu ta kwashe mutanen ƙauyen ta zaunar da su bayan wayar shingen gandun. Kabarin ubansa yana nan a kufai. Mutanen ƙauye suna cewa ya koma na hukuma, ma'aikata kuma a bayan idonsa suna cewa ɗan ƙauye ne. Bayansa Sajan ne, shugaban 'yan sintiri, dogo mai faɗin kafaɗa, sai samari biyu da bindigoginsu.

A duk inda suka karya kwana, ɗaya daga cikinsu zai kama kan gamba ya ƙulle. Dokar gidan ke nan: wanda ya bar hanyar mota, ya ƙulla ciyawa, don in ya ɓace a san inda ya bi. An kafa ta ne tun shekarar da 'yan sintiri biyu suka ɓata a dajin, ƙishirwa ta kashe ɗaya, aka tsinci ɗayan yana lasar laka. Wanda aka tsinta shi ne Sajan. Tun daga ranar ba ya yarda da ƙulli ɗaya kamar kowa. Sai ya murɗe ciyawar tukuna, sannan ya ƙulla sau biyu. Samari suna yi masa dariya a ɓoye, suna cewa ko banɗaki zai je sai ya ƙulla.

Wari ne ya tare su kafin su gani. Toron giwa yana kwance a gefen tafkin, an sassare fuskarsa da gatari, haure biyu babu. Ɗaya daga cikin samarin ya juya ya yi amai.

“Ɗan Bokiti ne,” in ji ɗayan.

Shi ne. Yana jariri uwarsa ta mutu a taɓo, aka ɗauko shi aka raine shi a bayan kicin ɗin ma'aikata da madara a bokitin ƙarfe. Ya girma ya koma daji, haurensa ya kai tsawon taɓarya, amma har lokacin in ya ji an buga bokiti sai ya zo.

Baba ya tsugunna. Garken giwaye sun zo sun tattake wurin, sun kakkarya rassa sun rufa wa gawar. Amma a gefen laka akwai sawun mutum ɗaya, takalmin taya, da facin ƙusa uku a dunduniyar hagu.

Sajan ya tsaya a kansa. “Baba, kai ne masani. Sawun wa?”

Tsohon ya gane sawun. Shi da kansa ya buga ƙusoshin nan.

“Takalmin ƙanena ne.”

“Mai Zuma?”

“Takalminsa na ce, Sajan. Ban ce ƙafarsa ba.”

Sajan ya yi murmushi, ya juya ya kalli samarin. Babu wanda ya kalli Baba.

Kafin la'asar an kamo Mai Zuma an kulle shi a ɗakin ajiye taya. Aka ce jibi motar 'yan sanda za ta zo daga birni ta tafi da shi, kuma kowa ya san wanda aka kama da laifin giwa yakan tsufa a kurkuku. A ƙauye aka rurrufe ƙofofi. Garken ya iso bakin waya yana kuka, mata suka janye yara ciki. Da Baba ya bi ta layin, wata tsohuwa ta leƙo ta ce, “Sun ƙwace mana daji, yanzu sun sa ka nuna ɗan'uwanka. Saura mu.” Ta ja ƙyaure.

Ya dawo ya tsaya a tagar ɗakin tayar. Ƙanensa ya riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu, hannuwan da harbin zuma ya mayar kamar ɓawon itace.

“Yaya, wallahi ni ko kaza sai na rufe ido nake yankawa.”

“Na sani. Ina takalminka?”

“Ai ka ji labarin. Makon jiya na kawo wa Shugabar gandu zuma, na tuɓe a ƙofar ofis don kar in shiga mata da laka. Na fito babu. Kowa ya yi ta dariya, aka ce gwaggon biri ya ɗauka. Ba takalmi na koma gida.”

“Su wa ke tsakar gidan?”

“Kowa. Kuku yana wanke-wanke, Direba yana ƙarƙashin mota, Oga Sajan yana goge bindiga.” Ya yi ƙasa da murya. “Yaya, in suka tafi da ni, ba zan dawo ba. Ka san ƙirjina.”

Shugabar gandun mace ce mai ƙarancin magana, ta yi shekaru a dazuzzuka kafin a kawo ta nan. Ta saurari Baba har ya gama.

“Ranki ya daɗe, wanda ya sa takalmin nan ƙafarsa ta fi takalmin. Dunduniya ta zarce ta danne laka. Kuma toron bai gudu ba. Sawunsa ya nuna shi ya taho da kansa, a hankali, har gaban mai bindigar. Ɗan Bokiti ba ya zuwa wurin mutanen ƙauye, su da ke korarsa da hayaƙin barkono. Kiransa aka yi.”

“Na yarda da idonka, Baba,” ta ce. “Amma ƙanenka ne. In na ce wa 'yan sanda wan mai laifi ya ce ba shi ba ne, me kake zato za su yi? Kawo mini abin da zan taɓa da hannu. In akwai mai hannu a cikinmu, ina so in sani fiye da kai.”

Washegari da safe ya fara da Kuku, don a wurinsa bokitin yake. Ya same shi yana yankan albasa, da jin maganar bokiti wuƙar ta faɗi.

“Ni ban san komai ba! Na rataye shi a ƙusa inda yake kullum, na wayi gari babu.”

“Ka faɗa wa wa?”

“In faɗa a ce na sayar? Baba, ni na shayar da yaron nan. Ni yake bi yana cusa mini hanci a aljihu.” Ya share ido da gefen riga. “Albasa ce, kar ka kalle ni.”

Baba ya dubi ƙafafunsa. Ƙanana ne kamar na yarinya, takalmin Mai Zuma zai yi masa yawa.

Direba kuwa da ya hango shi sai ya shige ƙarƙashin mota. Baba ya riga ya ga sawun tayar motar a hanyar tafki, sawun da ba na jiya ba.

“Fito, ɗan nema. Me ya kai motar hukuma hanyar tafki shekaranjiya?”

“Baba, ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka.” Ya fito duk baƙin mai. “Itace na ɗebo wa surukata. Matar nan in ban kai ba, har cikin barci sai ta zo mini. Busasshe ne wallahi, ko ganye ɗaya ban taɓa ba.”

“Ka shiga ciyawa?”

“Ni? Ni da ko kare ya yi haushi sai na ɗaga gilashi?”

Ya nuna masa itacen a bayan gareji. Ɓarawon itace ne, ba makashin giwa ba. Amma da Baba ya juya zai tafi, Direba ya ce, “Na ji ƙarar bindiga ranar, irin ta mafarauta, tsohuwar nan mai hayaƙi. Na ce ba ruwana, na taka mota.”

Bindigogin mafarauta da aka ƙwace suna kulle a ma'aji. Baba bai tambayi wanda ke riƙe da mabuɗin ba. Ya sani.

Bai kai ƙofar gida ba sai ya ji murya a bayansa. “Baba, daji za ka koma? Kai kaɗai, garke a fusace? Ni zan raka ka.”

Sajan ne, da bindiga a kafaɗa. Babu yadda za a ce a'a.

Suka shiga gambar, Baba a gaba, Sajan a baya. Shekara da shekaru haka suke tafiya, bai taɓa jin nauyin mutum a bayansa ba sai yau. Yana jin numfashinsa, yana jin maɗaurin bindigar yana ƙara. Ya bi sawun takalmin daga hanyar mota zuwa tafki, ba ƙasa yake kallo ba, sama yake kallo.

A kwanar farko ya gani. Wani kan gamba ya lanƙwashe, ba ƙulli a jikinsa, amma an taɓa ƙulla shi aka kwance. Ciyawa ba ta mantuwa: ga murɗa, ga karaya biyu. A kan karayar akwai busasshen jini, tururuwa sun yi masa layi. Mutumin ya ƙulla yana shiga, ya kwance yana fita, hannunsa da jinin giwa. Mai Zuma ba ya ƙulla ciyawa a dajin da aka haife shi.

“Me ka gani?” in ji Sajan.

“Ƙaya ce ta kama ni.”

A kwana ta biyu haka, ta uku haka. Gumi ya jiƙa wa tsohon riga. Da suka wuce gawar, sawun ya yi gabas da nauyi, mutum ɗauke da kaya. Can gefe, a tsakiyar gamba, ya hango wani ƙulli tsaye, ba a kwance shi ba: murɗa da ƙulli biyu. Bayansa wani, can gaba, sun miƙe sun nufi kufai.

Ya ji wani ƙaramin sauti a bayansa, ƙas, sautin da duk mai aikin daji ya sani. An cire makarin bindiga, saura danna kunama.

“Can ba komai sai kaburburanku,” in ji Sajan a hankali. “Ka san wani abu, Baba? Wurin nan mutum zai iya mutuwa, garke ya bi ta kansa, a ce giwa ce. Ba wanda zai duba.”

Tsuntsaye sun yi shiru. Baba bai juya ba. Ya tabbata in ya juya, idonsa zai tone shi. Ya zube a ƙasa ya dafe kai. Hawayen da suka zo na tsoro ne, ba sai ya ƙirƙira ba.

“Idona ya mutu, Sajan. Sawun ya ɓace mini tun a tafki, kunya ta hana ni faɗa. Ƙanen nan nawa ya kashe ni. Ni na raine shi, ni na gyara masa takalmin. Me zan ce wa matarsa?”

 Wani ƙuda ya sauka a wuyansa, bai kore shi ba. Can nesa wata giwa ta yi kuka.

Ƙas. An mayar da makari.

“Tashi, Baba. Ba laifinka ba ne.” Sajan ya miƙa masa gorar ruwa. “Sha, mu koma.”

Ya sha. Hannun da ya sare fuskar Ɗan Bokiti ne ya ɗaga shi tsaye.

Da maraice ya shiga ofis ta ƙofar baya ya faɗa wa Shugaba duk abin da ya gani.  Ta fita ta ba da umarni cewa Sajan ya kwashi samari duka su tare a bakin waya ta wajen ƙauye saboda garke, kar kowa ya motsa sai ta aika. Gari na wayewa ita da Baba da Direba suka hau mota. Direba ya yi ta addu'a har ƙarshen hanya, kuma a ranar ya shiga ciyawa, don ya ce zama shi kaɗai a mota ya fi ban tsoro.

Da hantsi ta tara kowa a barandar ofis, bayan ta sa an jingine bindigogi duka a ma'aji ta karɓi mabuɗin. Ga Kuku, ga Direba, ga samari, ga Sajan. Aka fito da Mai Zuma, aka kira dattawan ƙauye uku suka zauna a bakin dakali, kowannensu a ɗarare. A tsakar gida akwai wani abu lulluɓe da tamfol.

Baba ya zo da dami na ɗanyar gamba, ya bi kowa ya ba shi tsagi.

“Kowa ya ƙulla yadda yake yi in ya shiga daji.”

Samari suka ƙulla, ɗaya ɗaya. Kuku ya ƙulla irin na bakin buhu. Mai Zuma ya juya tasa a hannu ya ce, “Yaya, me zan yi da ita?” Wani dattijo ya yi dariya, ya kama bakinsa.

Sajan ya daɗe yana kallon tasa. Sannan ya ƙulla, ƙulli ɗaya.

“Kai, Oga,” in ji ɗaya daga cikin samarin, bai san abin da yake yi ba. “Yau ina murɗar? Ina na biyun?”

Ba wanda ya yi dariya.

“Wanda ya kashe toron nan,” in ji Baba, “ya ɗauki takalmin ƙanena a ƙofar nan, ya ɗauki bokiti a ƙusar kicin, ya ɗauki bindigar mafarauta don a ce ƙauye ne. Ya buga bokiti, dabbar da muka raina ta zo tana zaton abinci ne. Duk wannan ya shirya shi da kyau. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa: ba ya iya shiga daji bai ƙulla ba. Na hanyar tafki ya kwance su. Na hanyar maɓoyarsa bai iya kwancewa ba, don in ya kwance, shi kansa ba zai sake gane wurin ba.”

“Ƙarya ne!” Sajan ya miƙe. “Tsohon nan ƙanensa yake karewa. Kowa zai iya kwaikwayon ƙullina.”

“Ni na bi su da ƙafata,” in ji Shugaba. “Na ɗauki hotonsu a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, har bakin kogon kukar da ke kufai. Sun bushe a ƙulle, ba na jiya ba ne.” Ta yi wa Direba alama, ya yaye tamfol.

Haure biyu, da jini a gindinsu. Gatari. Tsohuwar bindiga mai lambar ma'aji a jikinta. Takalmin taya, igiyar ɗaya ta tsinke saboda ƙafar da aka cusa masa. Da bokitin ƙarfe.

Kuku ya ga bokitin ya ɗora hannu a ka ya fashe da kuka, wannan karon babu albasa.

“Mabuɗin ma'aji a wurin wa yake kafin yau?” in ji Shugaba.

Sajan ya kalli ƙofar ma'ajin, ya kalli ƙofar gida. Samarin da ya horar da hannunsa sun riga sun tsaya a bakinta. Bayan ƙofar kuma ba komai sai gamba, har iyakar gani. Ya kalle ta, ya koma ya zauna.

“Wani mutum ne daga birni,” ya ce, murya a dashe. “Ya ce sau ɗaya kawai.”

Babban dattijon ƙauyen ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. “A kogon kukarmu ka ɓoye? Kusa da iyayenmu?” Bai jira amsa ba, ya kama hannun Mai Zuma. Mai Zuma ya tsaya a gaban wansa.

“Wuce gida,” in ji Baba. “Kuma daga yau ka riƙa shiga ofis da takalminka.”

Motar 'yan sanda ta zo a ranar da aka ce za ta zo, ta tafi da mutum ɗaya, ba wanda aka kira ta dominsa ba. Ga abin da Sajan ya samu a cinikinsa. An tuɓe masa kaki a gaban yaran da ke sara masa. Haƙƙin ritayarsa, da saura kaɗan ya fara ci, ya tafi. An karɓe gidan ma'aikata, matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta. Mutumin birnin da ya yi masa alkawari ya ce bai taɓa ganinsa ba. Hauren ko taɓa kuɗinsa bai yi ba, a gabansa aka ƙone shi. Alƙali ya ba shi shekarun da zai fito da furfura, in ya fito. Dokar ƙulla gamba tana nan har yau a gandun, amma babu mai murɗawa ya ƙulla sau biyu, kuma in sabon ma'aikaci ya yi haka bisa kuskure, sai a sa shi ya kwance.

Bokitin yana rataye a ƙusarsa a bayan kicin. Ba mai buga shi.